Keken Kaka Ba Zaren Ƙasa

Shekara biyu cur na yi ina yi wa kakata ƙarya kowace safiya bayan mun sha koko, kuma uwata ce ta sa ni. Har yau in aka tsare ni aka ce abin da muka yi daidai ne ko ba daidai ba, wallahi ban san bakin da zan kama ba. Zan dai faɗi yadda aka yi.

A unguwar Nima muke, cikin Accra, gidan haya, sai an bi lungu uku an tsallake kwata biyu kafin a ga ƙofarmu. Ni da Mma, uwata ke nan, da Kaka wadda ta haife ta. Dukanmu ɗinki muke yi, kuma kowa da kekenta. Na Kaka shi ne babba a shekaru: baƙin keken hannu, zanen ruwan zinariyar jikinsa duk ya goge sai inda hannu ba ya kaiwa. Gwaggonta da ta riƙe ta a zangon Kumasi ce ta bar mata shi, ta taho da shi Nima a kan cinyarta cikin motar goro. Na Mma keken ƙafa ne, Kaka ta saya mata lokacin aurenta. Nawa kuwa na lantarki ne, kawuna ya kawo shi daga Legas shekarar da ya dawo da katifa ɗaya da wannan keken, ba komai kuma. Na Mma da nawa suna shagon katako da muka kama a bakin titi a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Na Kaka bai taɓa barin barandar ɗakinmu ba. Ta taɓa zuwa shago sau ɗaya ta ji ƙarar nawa, ta toshe kunne ta ce, "Wannan ɗinki yake yi ko faɗa?"

Ina da shekara ashirin da biyu idon Kaka ya fara tafiya. Muka kai ta asibiti, suka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiya ce, sai haƙuri. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce ido ai na masu koyo ne, ita hannunta ya san hanya. Tsofaffin matan unguwa da suka saba da ita suka ci gaba da kawo mata yadi, Mma na yankawa, ita tana ɗinkawa. Da farko ɗan karkacewa ne, mu gyara a ɓoye. Sai ranar da wata mata daga unguwar Kanda ta kawo leshin bikin 'yarta. Kaka ta haɗe bakin hannun rigar da gefenta, ta bi ta kan wuya ta rufe rabinsa, kuma ta maimaita ɗinkin sau biyu don ƙarfi. Kwana uku ni da Mma muna kai da reza muna farkewa. Wanda ya san leshi ya san ba ya yafe farka. Matar ta zo shago ta wanke mu tas, da Hausa da Turanci da harshen Ga, mutane suka taru suna kallo.

Na ce wa Mma, "Sai a gaya mata ta daina."

Mma ta ce, "Je ki gaya mata."

Ban je ba. Wa zai je? Tsohuwar da tun kafin a haifi uwata take tashi, ta yi salla, ta karya, ta buɗe keke. In aka rufe keken nan, me za a ba ta a madadinsa?

Washegari da safe, Kaka na bayan gida tana alwala, Mma ta kira ni baranda. Ta zare ɗan murfin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, ta ciro kwarkwaro, ta warware zaren da ke jikinsa kakaf, ta mayar da shi wayam. Ga wanda bai san keke ba: da zare biyu yake ɗinki, ɗaya daga sama ta cikin allura, ɗaya daga ƙasa a naɗe jikin kwarkwaro. Na ƙasa shi ke kama na sama su ƙulle. In babu shi, allura za ta yi ta hawa da sauka, yadi ya yi ta tafiya, amma ba abin da zai kama. 'Yan huji kawai za a gani, su ma da an yayyafa ruwa an goge sun rufe.

Mma ta ce, "Ga aikinki. Zan riƙa kama mata yadin da manyan ɗinkin hannu don kar ya rabu. Ke ki zauna gabanta kina karɓa. Da ya fito ki ninke, ki kawo mana shago, ki ɗinka a naki."

Na ce, "Mma, wannan ba ƙarya ba ce?"

Ta ce, "Ƙarya ce mana. Ɗauko kujera."

To, haka muka fara. Kaka ta zauna, hannun dama a kan mariƙin da take juyawa, na hagu a kan yadi. Ni ina ɗaya gefen tebur ina karɓar abin da ke fitowa. In ta kai ƙarshe ta tsaya, ta miƙa hannu in ba ta almakashi, ta yanke zaren sama. Sai in ɗaga yadin sama kamar ina dubawa, in ce, "Ya yi, Kaka." Ta ce, "Kai wa uwarki ta goge." Kafin azahar in tattara in bi ta bakin babbar kwata in tsallaka Maamobi, in zauna a kan keken lantarki, cikin ɗan lokaci in ɗinke abin da ta yi safiya guda a kansa. Masu kaya su zo gida karɓa, su durƙusa su ce, "Hajiya, hannunki bai tsufa ba." Ta ce, "Ikon Allah ne."

Ni fa ba mai haƙuri ba ce, duk Nima an san bakina. Wata rana in tashi ina jin tausayinta har in rasa inda zan sa kaina. Wata rana kuma haushi ya cika ni: ga aiki jibge a shago, ga ni zaune ina karɓar ɗinkin da ba ɗinki ba, tsohuwa na yi mini faɗa wai ina jan yadi da ƙarfi zan karkata mata layi. Wane layi, jama'a? Sau nawa maganar ta zo bakina na haɗiye. Da azumi abin ya fi damuna, don na rasa ko azumin nan nawa yana hawa sama ko a baranda yake tsayawa. Na yi niyyar tambayar malamin makarantarmu, na je har ƙofar gidansa, na rasa ta inda zan fara, na gaishe shi na dawo.

Ana nan sai wani tsoro ya kama ni. Mun fi wata uku a haka, zaren ƙasa bai taɓa ƙarewa ba. Ina zai ƙare, babu shi? Mai ɗinki kuwa ta san kwarkwaro ba ya kwana biyu bai nemi zare ba. Na ce tabɗi, yau-gobe tsohuwar nan za ta gano mu. Sai na ƙirƙiro dabara, ban ma gaya wa Mma ba. Lokaci-lokaci in ce, "Tsaya, Kaka, zaren ƙasa ya ƙare." In buɗe murfi, in ciro kwarkwaron, in ɗan ƙwanƙwasa shi a tebur, in yi ta motsi kamar mai naɗi, in mayar. Ta naɗe hannu ta jira ni. Wani lokaci ta ce, "Da wuri haka?" Wani lokaci kuma ta ce, "Wannan karon ya yi albarka." Ni kuwa ina jin kaina, ina cewa a raina duk gidan nan ba mai kai irin nawa.

Ranar da abin ya lalace, Asabar ce, da hantsi. Muna tsakiyar wata riga sai muka ji sallama, wata mata mai jiki, da jaka a ka, ta faɗo baranda ta rungume Kaka tana kuka tana dariya. Ashe ɗaya ce daga cikin 'yan matan da Kaka ta koya wa ɗinki tun kafin a haife ni. Bayan aurenta aka tafi da ita Tamale, yanzu tana da nata shagon da nata 'yan koyo. Ta zo Accra sayen kaya, motarsu za ta tashi daga tashar Tudu bayan azahar, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga uwar ɗakinta. Aka sha ruwa, aka tambayi na raye, aka yi wa matattu addu'a. Kaka na kallon inda muryarta take, tana amsawa daidai, har baƙuwar ba ta lura da yadda idon ya tafi ba.

Sai ta buɗe jaka ta ciro sabon zani. Ta ce, "Hajiya, abu ɗaya nake roƙo. Ki kalmashe mini bakin zanin nan da hannunki, a kan keken nan da na koya. In kai Tamale in nuna wa yarana. Kullum ina ba su labarinki, sun gaji da ji paa, sosai."

Na ce, "Inna, ki bari a kawo miki tasha, sai an goge."

Ta ce, "Wane guga, 'yata? Kalmasa ce kawai. Ina nan zaune, idona a kai."

Idonta a kai! Wannan ba mai sayar da tuwon kenke ba ce da za a ninke yadi a ɓoye mata. Mai ɗinki ce. Taku biyar allura za ta yi ta ga ba abin da ya kama, ta tambaya, a gaban Kaka. Na dubi Kaka, ita kuwa har ta karɓi zanin tana lalubar bakinsa, tana ninkewa da farce, fuskarta ba ta nuna komai ba. Mma na Maamobi. Ba wanda zan tambaya. Tunanin da na yi shi ne: layi ɗaya ne miƙaƙƙe, in na riƙe yadin da kyau daga gefena ba zai karkace ba, baƙuwa ta samu ɗinkinta, Kaka ta fita kunya, ba wanda ya san an yi. A cikin gwangwanin maɓallai akwai wani kwarkwaro cike da farin zare. Na ce, "Tsaya, Kaka, zaren ƙasa ya ƙare." Na saka mai zaren, na juya sau ɗaya na jawo shi sama, na rufe.

Kaka ta sa zanin, ta sauke ƙarfen da ke danne yadi, ta yi bisimilla ta juya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta tsaya cik.

Ta ɗora yatsa a bayan allura, ta shafa inda ta wuce, ta kai yatsan ƙarƙashin zanin ta sake shafawa. Sannan ta juyo da fuskarta wajena. Idon nan da ba ya gani, na rantse sai da na sunkuyar da kai.

Baƙuwar ta ce, "Lafiya, Hajiya?"

Kaka ta ce, "Hannun nan ne ya riƙe, sanyin damina. Na fara miki, jikata ta ƙarasa. Ni na koya mata a kan keken nan, hannuna ne." Ta tashi ta ba ni kujerar.

Na zauna na kalmashe zanin, ban san yadda na kai ƙarshe ba. Baƙuwar ta nemi wurin da Kaka ta fara, ta ce to ko wannan ma ya isa, za ta sa alama a wurin. Ta yi godiya, ta ajiye mana sabulu da ɗan kwali, na raka ta har inda za ta hau trotro, motar haya, zuwa Tudu. Ina dawowa na tarar Kaka ta koma kan kujerarta.

Ta ce, "Cire abin nan."

Na ce, "Wane abu, Kaka?"

Ta ce, "Kar ki mai da ni yarinya. Abin da na ɓata da zare ya ɓatu. Kayan mutane ne."

Na ce, "Kaka, kin sani? Tun yaushe?"

Ta ce, "Rana ta yi. Uwarki na jira."

Ban bi bakin kwata a hankali ba ranar, gudu-gudu na yi har Maamobi, na bar ma rigar da za a ɗinka a gida. Na faɗa shago ina haki na ce, "Mma, ta sani! Kaka ta sani!" Na zayyana mata duk abin da ya faru. Mma ba ta ɗaga ƙafa daga kan kekenta ba sai da na kai wurin saka zaren. Nan ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "Innalillahi. Kin saka?"

Na ce, "Mma, ba ki ji ni ba ne? Na ce ta sani!"

Ta ce, "To wa ya ce miki ba ta sani ba? Mace ta fi shekara hamsin a kan keke, ba za ta san ƙararsa in ba zare ba? Ba za ta ji nauyinsa a hannunta ba? Tun safiyar farko ta sani."

"Kun yi magana da ita ke nan?"

"Magana kuma? A kan me?"

Kaina ya juye. Na ce, "To ni shekara biyu wa nake yi wa ƙarya? Ina ta ƙwanƙwasa kwarkwaro a tebur kamar mahaukaciya, tana zaune tana jina?" Mma ta ce wane ƙwanƙwasa, na gaya mata dabarata, ta kama baki, ban san dariya take dannewa ko kuka ba. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya har mai shayin gefenmu ya leƙo. Na ce an mai da ni sakarya, kowa ya sani sai ni, me ya sa ba a gaya mini ba?

Mma ta ce, "Da na gaya miki, da ba ki iya ba. Kin ga na taɓa zama gabanta ina karɓa? Ba zan iya ba. Ta san na sani, na san ta sani, me za mu ce wa juna? Ke kuwa kina faɗa mata da gaske, don kin ɗauka ta yarda. Shi take sauraro." Ta juya ga ɗinkinta, ta ce, "Da kin bar ta, da ta san yadda za ta yi da baƙuwarta. Ba yau ta fara ba."

Na zauna kan keken lantarki har la'asar ban ɗinka komai ba. In na bi ta nan in ga ni aka zalunta. In na bi ta can in ga ni na yi ɓarna. Ni da na saka zare don in rufa mata asiri, wai ni ce na tona. Kuma asirin wa, tunda mai shi ta riga kowa sani? Na tambayi Mma ko matan da ke zuwa godiya su ma sun sani. Ta ce wasu. Na ce su wa? Ta ce in ƙyale ta.

Washegari na riga kowa fitowa baranda. Na duba kwarkwaro sau biyu, wayam. Na share tebur, na ajiye rigar jiya. Na ce a raina ba abin da ya canza, yadda muka saba haka za mu yi. Kaka ta fito, ta zauna, ta laluba ta sa yadi, ta juya. Ina karɓa, amma na rasa inda zan ajiye idona. Da can yadin nake kallo, yau fuskarta nake kallo, ita kuma ta karkato kunne wajena. Ta kai ƙarshe, ta yanke zare, na ɗaga rigar. Na buɗe baki in ce "Ya yi, Kaka," maganar ta fito wata iri, siririya, kamar ta mai roƙo. Kaka ta ce, a hankali, ba faɗa, "Bai yi ba, 'yar nan."

Ta ce in ɗauko murfin katakon keken daga ƙarƙashin gado. Ta kwance ɗan mabuɗin da ke ɗaure a bakin zaninta, ta lalubo hannuna ta saka. Ta ce, "Naki ne. Ki riƙa ɗiga masa mai, ba ya son ƙishi. Kar ki kai shi kusa da mai faɗan nan naki."

Na ce ba na so. Na ce ina da keke, me zan yi da tsohon ƙarfe, ta riƙe abinta. Na yi rantsuwa ba zan ƙara taɓa kwarkwaro ba. Na yi kuka sosai, na ce ta yafe mini, ban ma san laifin da nake neman yafiya a kai ba, na saka zaren ne ko na cire shi. Ta bar ni na gama, ta ce, "An tambaye ki kina so? Ɗauka." Na ɗauka na kai cikin ɗaki. Mma ta dawo da yamma ta ga tebur ba komai a kai, ta wuce ta hura wuta.

Da safe na sayo koko da ƙosai, muka karya a baranda mu biyu. Kaka ta wanke hannu, ta goge a zani, ta ja kujerarta zuwa gaban tebur yadda ta saba. Ta ɗora hannuwa biyu a kan katakon. Yaran gida sun tafi makaranta, matan sun tafi kasuwa, tsakar gida shiru. Ni ina tsaye da kwanuka, ban san ko in tafi shago ko in zauna ba.

Ta ce, "'Yar nan."

Na ce, "Na'am, Kaka."

Ta ce, "Mutanen da ba su da aiki, me suke yi daga yanzu zuwa azahar?"

Da gaske take tambaya, tana jiran in gaya mata. Na ajiye kwanukan na zauna kusa da ita, na yi ta tunani, ban samo mata ko abu ɗaya ba.